Haɗa Boga a Gida: Bama Ko Mastad, Wanne Ake Sawa, Kuma a Ina?

Tun da na fara karɓar odar boga daga gida a nan Mabera, cikin garin Sakkwato, babu tambayar da ake yawan yi mini kamar wannan: bama ake sawa ko mastad? Wata ta gani a waya ana zuba wani abu ruwan ɗorawa a kan nama, ta je ta sayo kwalba da tsadarta, ta lafta shi yadda ta saba lafta bama a salak. Yara suka gutsura suka ajiye, maigida ya ci rabi don kara, kwalbar kuma tana can bayan firji har yau. Wata kuwa bama kaɗai ta sani, tana zuba ta sama da ƙasa har naman ya riƙa sulɓewa daga cikin burodi yana faɗowa a cinya.

Aikinsu ne ba ɗaya ba. Bama maiƙo ce, tana rufe bushewar nama, tana kuma hana burodi jiƙewa. Mastad tsami ne da ɗan yaji, yana yanke maiƙo don kada boga ta gundure ki tun a loma ta uku. Naman da kika sayo shi zai nuna miki wanda ya fi buƙata, zafin garin nan kuma shi zai nuna miki wanda za ki iya fita da shi daga gida. Ga yadda nake yi, a ma'aunin boga takwas.

Ga masu ɗari-ɗari da cikakken sunan boga, wato hamboga, don zaton "ham" ɗin da ke ciki naman alade yake nufi: daga birnin Hamburg na Jamus aka samo shi, kuma naman sa ake yin ta da shi.

1. Cefane da kayan aiki

Ki tanadi naman sa kilo ɗaya, burodin boga takwas, latas, tumatir mai tauri guda uku, albasa biyu, kokwamba biyu, khal fari wato binega, gishiri, masoro, sukari, bota kaɗan, sai bama da mastad. Kayan aiki ba su da yawa: kasko mai kauri, faffaɗan cokalin juyawa, kwano mai zurfi, maburgi ko bilenda, ƙaramin cokalin shayi da babban cokalin cin abinci. Duk inda na ce ƙaramin cokali mililita 5 nake nufi, babba kuma 15.

Albasa dai ba sai an gaya wa Basakkwace inda zai same ta ba. Ki zaɓi ja mai ƙarfi wadda ba ta fara tsiro ba. Latas da kokwamba kuwa da safe ake sayensu, kafin rana ta sa su yi yaushi a kan teburin mai kayan gwari.

Lissafin kuɗi: ba zan faɗi farashi ba, don kafin ki gama karantawa ya canza. Ga dai yadda za ki auna da kanki. Kwalbar bama mai kusan rabin lita tana ba da babban cokali kamar 33, kuma kowace boga ba ta cin fiye da cokali ɗaya. Kwalbar mastad mai giram 250 tana ba da ƙaramin cokali 50, shi ma ba ya wuce ɗaya a kowace boga. Ki raba kuɗin kwalba da wannan adadin. Mastad kayan waje ne, kwalbarsa takan ba mutum tsoro a kanti, amma idan kika raba za ki ga abin da yake ci a kan boga ɗaya bai taka kara ya karya ba. Asarar tana wurin wadda ta saya ta yi amfani da shi sau ɗaya ta manta.

2. Zaɓen nama, nan ake yanke hukunci

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Boga mai daɗi tana son kashi huɗu tsoka, kashi ɗaya kitse. A kilo ɗaya, giram 800 na tsoka ke nan da 200 na kitse. Mu kuwa mun saba da cewa mahauci ya cire mana kitse tas. Ranar farko da na je Kasuwar Daji na ce a ƙara mini kitse, sai barunjen ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallona, ya ce, "Hajiya, mi za ki yi da kitsen ga? Kowa tsoka shika biɗa." Na ce, "Baba, ka dai auna mini." Yanzu da ya hango ni yake ware mini farin kitse mai tauri a gefe.

Ki nemi naman kafaɗa ko na wuya. Naman cinya ya cika tsoka, idan aka niƙa aka soya yakan fito a bushe kamar dambu. Idan kin sami tozo, ɗan yanki kaɗan a cikin niƙan yana gyara shi sosai.

Ga ƙa'idar da nake bi. Idan naman ya sami kitsensa yadda na faɗa, mastad ne a gaba, bama shafe kawai. Idan tsoka ce zalla, ko naman kaza, ko na raƙumi wanda kitsensa ke tattare a tozo, to bama ce a gaba, mastad ɗan ɗigo. Naman rago mai maiƙo da ƙarni kuwa mastad ne maganinsa. Ki sa masa bama da yawa ki ga yadda zai tsaya miki a wuya.

Hattara: injin niƙan kasuwa naman mutane da yawa yake niƙawa tun safe. Ki je da wuri, ki sa a wanke shi a gabanki, ko ki yanka naman ƙanana ki sa a firiza na minti 20 ya ɗan yi tauri, ki niƙa a gida kaɗan-kaɗan. Niƙaƙƙen nama ba ya jira. Daga kasuwa sai firji, kuma ranar ko washegari za a soya shi.

3. Sayen bama

Bama sunan kamfani ne a jikin kwalba, ainihin sunan abin mayonis, amma mun mayar da shi sunan kowane iri kamar yadda muke ce wa kowane dunƙule magi. Ko Bama kika ɗauka ko Jago ko wata, ki duba abu uku: lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da kuma ko mai ya taso ya kwanta a sama. Kwalbar da ta sha rana a bakin shago za ki ga ta rabu, ruwa-ruwa a gefe, launinta ya yi duhu. Ki bar ta. Ki saya a kantin da ke ajiye kaya a inuwa.

Kada ki rikita ta da kirim ɗin salak. Shi mansa bai kai na bama ba, ya fi ta ruwa da zaƙi da tsami. A kan kabeji da karas yana da daɗi, a kan boga kuwa gangarewa yake yi ya bi hannu har gwiwa.

Hattara: da kin buɗe kwalba sai firji, amma ban da firiza. Na san halinmu, da an kawo wuta komai sai mu cusa a firiza don ya riƙe sanyi. Bama idan ta daskare ta narke, mai yake rabuwa da ƙwai, ta koma kamar kindirmon da ya tsinke. Ki sa ta a ƙofar firji ko a cikin kula da ƙanƙara a gefe. Cokali mai tsabta kuma busasshe kawai zai shiga kwalbar, ba wanda aka taɓa nama da shi ba.

4. Idan da hannu za ki kaɗa

Bamar gida ta fi ta kanti daɗi, ba na musu. Kwaiduwar ƙwai ɗaya, ƙaramin cokali ɗaya na mastad, ƙananan cokula biyu na ruwan lemun tsami ko khal, gishiri ɗan kaɗan, da mai kofi ɗaya, kamar mililita 240. Za ki sami babban cokali wajen 16, ya ishi boga takwas har da saura.

Ki zuba kwaiduwa da mastad da lemun tsami da gishiri a kwano, ki kaɗa su haɗe. Ki naɗe tsumma mai laima ki ɗora kwanon a kai don kada ya riƙa yawo. Sai ki fara zuba mai ɗigo-ɗigo, hannu ɗaya na zubawa ɗaya na burgawa. A nan ake faɗuwa. Rubu'in farko na man nan sai an yi haƙuri da shi, ɗigo ya ɓace kafin wani ya sauka. Da kin ga ya yi kauri ya fara yin fari yana kama maburgi, to ya kama, sai ki riƙa tsiyayawa siriri har ya ƙare. Idan ya yi kauri da yawa, ƙaramin cokali na ruwa zai sassauta shi.

Kin lura akwai mastad a cikin bamar ita kanta? Yana taimaka wa kwaiduwa riƙe mai, shi ya sa masu cewa ba sa cin mastad da yawansu sun daɗe suna cinsa ba su sani ba.

Man da ba shi da ƙamshi za ki sa, kamar na waken suya. Man ƙuli na gida ƙamshinsa zai danne komai, man zaitun mai ƙarfi kuma yakan yi ɗaci idan bilenda ta buge shi.

Idan ta tsinke, kada ki zubar. Ki fasa wata kwaiduwar a kwano mai tsabta, ki riƙa zuba tsinkakkiyar a kanta cokali-cokali kina burgawa, za ta dawo.

Hattara: ɗanyen ƙwai ne a ciki, kuma ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa amai da gudawa da zazzaɓi. Ta kanti da ƙwan da aka riga aka kashe wa ƙwayoyin cuta ake yin ta, ta gida ba haka ba. Mai ciki, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya a ba su ta kanti. Ta gida kwana uku ne iyakarta, shi ma idan firjin na samun wuta. Idan kina son ta gida ba ƙwai, ki zuba madarar ruwa mai sanyi rubu'in kofi a bilenda da gishiri da ɗan mastad, ki kunna, ki tsiyaya mai rabin kofi a hankali, lemun tsami a ƙarshe. Tana yin kauri ita ma.

5. Sayen mastad, da karanta jikin kwalba

Mastad ƙwayar wani tsiro ce ƙanana sosai ake niƙawa da khal da gishiri. Larabawa na ce masa khardal, ƙwayar nan da Alƙur'ani ya buga misali da ƙanƙantarta a Suratu Luƙman da Suratul Anbiya'i. A manyan kantuna za ki iya cin karo da iri uku, kuma wanda kika ɗauko shi zai sa ki so mastad ko ki tsane shi.

Na farko mai launin ruwan ɗorawa shar, irin na Amurka, kamar French's ko Heinz, yawanci a robar matsawa. Kurkum ne ke ba shi launin. Yajinsa kaɗan ne, tsami ya fi yawa. Shi ne na boga, kuma da shi za ki fara.

Na biyu Dijon, sunan wani gari a Faransa. Launinsa ya fi dusashewa, ya fi na farko kaifi. Na uku na Ingila, irin su Colman's, wanda ake samu a kwaɓe ko a gari. Wannan ba a harshe yake tsayawa ba, hanci yake hawa. Ƙanin maigidana ya taɓa kawo mana shi tsaraba, Inna ta lakata da yatsa ta kai baki, sai ga hawaye. Ta ce, "Ɗiyata, wanga abu magani na ko abinci?" Tun ranar duk abin da ta ga launinsa ya yi ruwan ɗorawa sai ta tambaya. Idan shi kika samu, rubu'in ƙaramin cokali ya isa boga ɗaya, kuma a cikin bama za ki gauraya shi.

Hattara: wasu nau'o'in Dijon da farar giya ake haɗa su. Ki juya kwalbar ki karanta jerin kayan haɗi. Idan kin ga an rubuta "wine" ko "vin", ki mayar da ita inda kika ɗauko. Na robar matsawa mai ruwan ɗorawa galibi khal ne da ruwa da ƙwayar mastad da gishiri da kurkum, amma shi ma ki karanta, minti ɗaya ne.

Idan garin kawai kika samu, ga yadda ake kwaɓawa: babban cokali huɗu na gari, uku na ruwan sanyi, ki juya ki bar shi minti 10. Ruwan sanyi ke tayar da yajinsa. Sai ki zuba khal cokali biyu, gishiri rabin ƙaramin cokali, kurkum ɗan kaɗan, zuma ƙaramin cokali ɗaya. Ranar da aka kwaɓa ɗaci yake yi, kada ki ce ya lalace. Ki rufe a kwalbar gilashi ki sa a firji kwana biyu ko uku, zai kwanta. Kada ki ajiye shi a kwanon alminiyam, tsamin na cin ƙarfen ya ɓata ɗanɗano.

Kafin ki matsa na roba, ki girgiza. In ba haka ba ruwa ne zai fara fitowa ya jiƙa miki burodi.

6. Kokwamba mai tsami

Rabin kofin khal, rabin kofin ruwa, babban cokali na sukari, ƙaramin cokali na gishiri. Ki tafasa, ki zuba a kan kokwambar da kika yanka siri-siri, ki bar ta awa ɗaya. Ga wadda ta rantse ba za ta ci mastad ba, wannan ce za ta tsaya a madadinsa, don ko ta yaya boga na buƙatar tsami.

7. Mulmula nama

Ki raba kilo ɗin gida takwas, giram 125 kowanne. Ki mulmula a hankali, ki danna ya yi faɗi ya ɗan zarce burodin, don yana tsukewa a wuta. Kaurinsa kamar na yatsa. Ki sa babban yatsa ki ɗan lotsa tsakiya, in ba haka ba zai kumbura ya zama ƙwallo, miya da latas su riƙa zamewa a kansa.

Hattara: kada ki cuɗa gishiri a cikin naman. Gishiri na sa niƙaƙƙen nama ya yi danƙo ya ɗaure, ya fito da tauri kamar roba. Sai za ki ɗora a kasko za ki barbaɗa gishiri da masoro a waje. Haka nan kada ki zuba bama ko mastad a cikin kwaɓin. Na san da yawa suna fasa ƙwai su zuba garin burodi da magi da kori da albasa. Abin yana ciyuwa, amma ya tashi daga boga ya koma ƙwallon nama da aka baje. Naman da ke da kitsensa ba ya neman ƙwai kafin ya riƙe kansa, sanyi yake nema. Ki mayar da su firji minti 20 kafin suya.

8. Suya, da inda mastad ke fara aiki

Ki ɗora kasko ya yi zafi sosai, ki shafa mai kaɗan. Ki jera nama uku ko huɗu, kada su matsu, don in sun matsu ruwa za su fitar su dahu maimakon su soyu. Ki bar su kamar minti huɗu ba taɓawa.

Yanzu ga dabarar da ta sa gidanmu suka koma cin mastad. Tun gefen farko yana soyuwa, ki shafa ƙaramin cokali na mastad a gefen sama da yake ɗanye. Sai ki juya, mastad ɗin ya sauka a kan kasko ya soyu tare da naman na wasu minti huɗun. Wuta na kashe kaifin nan mai hawa hanci, abin da zai rage ɗan tsami ne da ɓawo mai ƙamshi a jikin naman. Ba ni na ƙirƙiro ba, gidan boga na In-N-Out a Kalifoniya ya yi suna da wannan suyar. Inna da kanta ta cinye guda ta nemi ƙari, ban gaya mata abin da ke ciki ba sai da ta wanke hannu.

Ki ɗan rage wuta bayan kin juya, don mastad na saurin kamawa, musamman wanda aka sa wa zuma.

Hattara: kada ki danna naman da cokali yana kan wuta. Ƙarar nan mai daɗin ji romon naman ne yake ƙonewa. Sannan niƙaƙƙen nama ba kamar tsire ba ne da ƙwayoyin cuta ke tsayawa a bayansa wuta ta cinye su. Niƙa ya riga ya kai su har tsakiya. Dole cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas. Idan ba ki da ma'aunin zafi, ki tsaga guda ɗaya ki duba: babu ja, ruwan da ke fita kuma garau. Abin da kike gani a bidiyo ana yanka boga cikinta jajir, ki bar musu kayansu.

Farantin da ɗanyen nama ya zauna a kai, kada soyayye ya koma kansa. Cokalin da kika shafa mastad a ɗanyen nama kuma kada ya koma kwalba. Ki ɗebi wanda za ki yi aiki da shi a ɗan kwano tun farko.

9. Gasa burodi

Ki raba burodin biyu, ki shafa bota siriri, ki kifa a kasko minti ɗaya har ya yi ja. Idan babu bota, bama ma tana yi, tunda mai ce da ƙwai. Burodinmu na nan yana da zaƙi da laushi, in ba a gasa ba da ya ji romo sai ya narke. Wannan zaƙin ma wani dalili ne na sa mastad ko kokwamba mai tsami.

10. Jerawa

Daga ƙasa zuwa sama: burodin ƙasa, bama, latas, tumatir, nama, mastad, albasa, kokwamba, burodin sama.

Bama a kan burodi take zama, har bakin gefe, saboda maiƙonta ke tare ruwan tumatir da romon nama kada su ratsa. Mastad a kan nama yake zama, saboda ruwa ne a jikinsa, in ya taɓa burodi kai tsaye jiƙa shi yake yi. Wanda kika riga kika soya da mastad ba ya buƙatar ƙari.

Yawan da za ki sa: ga nama mai kitse, bama rabin babban cokali, mastad ƙaramin cokali cike. Ga nama marar kitse, bama babban cokali cike a raba wa burodin sama da na ƙasa, mastad rabin ƙaramin cokali. Mai lura da ƙiba ta san cewa babban cokalin bama ɗaya na ɗauke da kalori 90 zuwa 100, ƙaramin cokalin mastad kuwa bai wuce 5 ba. Amma mastad na da gishiri, mai hawan jini ya rage na kan naman.

Ko manyan gidajen boga na duniya ba su haɗu a kan abu ɗaya ba. Ƙaramar hambogar McDonald's mastad da kecop ake sa mata, babu bama. Whopper ta Burger King kuwa bama da kecop ce, babu mastad. Saboda haka in gardama ta tashi a gidanki, kowa na da limaminsa.

Hattara: latas ki wanke da ruwan gishiri ko khal, ki ɗauraye, ki tsane shi sarai da tsumma mai tsabta. Jiƙaƙƙen latas shi ke tsinka bama. Tumatir ki yanka ki ɗan barbaɗa gishiri, ki bar shi a matsami minti biyar ya zubar da ruwa. Albasarmu na da ƙarfi, idan mastad ne a gaba ki jiƙa yankakkiyar a ruwan sanyi minti 10, don kaifi biyu a loma ɗaya ya yi yawa.

11. Miyar sulhu

Idan mutane da yawa za ki ciyar, ba za ki bi kowa kina tambaya ba. Ki haɗa miya ɗaya: bama babban cokali shida, mastad biyu, kecop ɗaya, yankakkiyar kokwamba mai tsami cokali ɗaya, tafarnuwa ƙwaya ɗaya a daka. Ki bar ta a firji rabin awa kafin amfani. Ita nake sa wa yawancin odata, kuma ba a taɓa dawo mini da ita ba.

Wani lokaci nakan cire kecop na zuba yajin tsire ƙaramin cokali ɗaya. Ƙuli da citta da ke ciki suna tafiya da mastad fiye da yadda za ki zata, kuma maza sun fi son wannan. Sai dai yajin tsire na da gishiri da magi, ki ɗanɗana kafin ki ƙara komai. Idan sayarwa kike yi, ki gaya wa mai saye akwai gyaɗa da ƙwai da mastad a ciki, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ɗaya daga cikinsu.

12. Idan bogar za ta fita daga gida

Nan zafin Sakkwato ke shigowa lissafi. Ƙa'idar da ma'aikatar aikin gona ta Amurka ke bayarwa ita ce abinci mai saurin lalacewa kada ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. Mu da muke ganin sama da 40 a watan Afrilu, kusan duk shekara a dokar awa ɗaya muke, in ban da kwanakin hunturu.

Na koyi wannan da kuɗina. Wata walima a Arkilla, tsakiyar bazara, na haɗa boga talatin tsaf da bamar da na kaɗa da hannuna, na naɗe kowace da zafinta na jera a kula na rufe. Mai Keke ya makara, can kuma aka ce sai an idar da la'asar. Da na buɗe kular, latas ya yi baƙi ya kwanta, bama ta koma mai tana ɗiga ta ƙasan takarda, burodin kamar an tsoma a ruwa. Ban bari an ci ko ɗaya ba. Na mayar da kuɗin mutane, na dawo gida da kula cike.

Yanzu ga yadda nake fita da ita. Naman da mastad nake soya shi, don mastad ba ya tsoron zafi kamar bama, tsami da gishirinsa na riƙe shi. Soyayyen naman yana tafiya a kularsa shi kaɗai da zafinsa. Burodi a leda daban. Latas, tumatir da miya a wata kular da ƙanƙara, miyar kuma da bamar kanti aka haɗa ta, ta gida ba ta ƙetare ƙofa. Sai na isa nake jerawa, ana miƙawa ana ci. Idan wanda ya yi oda ya ce lallai a haɗe yake so, nakan sa masa mastad da kokwamba a ciki, bamar kuma a ɗan ƙaramin roba mai murfi a gefe, in ce ya zuba da kansa lokacin da zai ci.

Ta buɗe-baki da azumi ma haka: ki soya naman saura minti 15 a kira salla, ki gasa burodin a kaskon da naman ya sauka, kwalbar bama kuma kada ta fito daga firji sai an sha ruwa.